Yadda Ake Samosar Dankali Mai Ƙaras-ƙaras a Gida

Duk wadda ta halarci biki a birnin Kano cikin 'yan shekarun nan, ko ta leƙa wurin masu sayar da kayan buɗa-baki da azumi, ta san samosa. Alhazanmu ma sun sha cin ta a Makka da Madina. Amma a nan yankinmu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, mata da yawa sun ɗauke ta abincin 'yan birni, wai sai da niƙaƙƙen nama da ɓawon kanti da firji. Ba haka abin yake ba. Samosar da aka fi ci a arewacin Indiya, musamman yankin Punjab, babu nama a cikinta. Dankalin turawa ne da kayan ƙamshi, ɓawonta kuma da hannu ake murza shi a gida.

Ta wannan fanni mun fi 'yan birni gata. Mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake fitowa, daga su Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Motoci da yawa da ke kai shi Kano ta Saminaka suke biyowa, su shigo Doguwa, su ratsa dajin Falgore, su wuce Tudun Wada har Kwanar Dangora. Kafin ya isa birni, ta ƙofar gidanmu ya bi. Albasa na nan daga masu noman rani da ke shan ruwan Dam ɗin Tiga, man gyaɗa matanmu ke matsawa, man shanu Fulani ke kawowa kasuwa, tsamiya kuwa ba a maganarta. Abin da ya rage shi ne sanin hannu.

Samosa tsohon abinci ce. Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan na Maroko da ya isa Delhi a 1334 ya yi alƙalanci a zamanin Sarki Muhammad bin Tughluq, ya ba da labarin yadda ake kawo ta a teburin fada, cike da niƙaƙƙen nama da albasa da 'ya'yan itatuwa masu mai irin su almon. A lokacin Indiya ba ta san dankalin turawa ba. Asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, sai daga baya 'yan kasuwar Turai suka kai shi can. Da ya wadata ya yi araha, sai ya maye gurbin nama, samosa ta fito daga fada ta zama abin da talaka ke haɗawa da shayi a bakin titi.

Abu uku ke sa ta yi ƙaras-ƙaras: kwaɓi mai tauri, haɗin ciki marar ruwa, da suya a wuta kaɗan. Duk samosar da kika ga ta yi laushi, ko ta sha mai, ko ta fashe a kasko, a ɗaya daga cikin ukun nan aka yi sake.

Kayan da za a tanada

Wannan awon zai ba ki samosa 12 zuwa 14.

Na ɓawo:
Fulawa gwangwanin madara 3 (kimanin giram 250)
Man gyaɗa ko soyayyen man shanu, cokalin cin abinci 4
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Habbatussauda, rabin ƙaramin cokali
Ruwa mai sanyi, rabin gwangwanin madara, ƙila da ƙarin cokali 1 ko 2

Na haɗin ciki:
Dankalin turawa rabin kilo, wato matsakaita 6 ko 7
Albasa 1 matsakaiciya
Ɗanyar citta, tsawon rabin yatsa
Attaruhu 1 ko 2
Fis rabin gwangwani, ko soyayyiyar gyaɗa
Kumin, ƙaramin cokali 1
Kurkur, rabin ƙaramin cokali
Kanumfari 3, masoro kaɗan da ɗan guntun kirfa, a daka su tare
Lemon tsami 1
Lawashi ko na'a-na'a
Gishiri, da mai cokali 2

Sai man suya, wanda zai iya rufe samosar a kasko.

Kada rashin wani ƙamshin Indiya ya hana ki. Mutanen Punjab wani ɗan iri suke sa wa ɓawon, ajwain, mai ƙamshi kusan ɗaya da na tayim, don haka ɗan tayim kaɗan zai tsaya a madadinsa. A yankin Bengal kuwa habbatussauda ce tasu, kuma sukan sa gyaɗa a cikin haɗin. Man da Indiyawa suka fi darajawa, wanda suke kira ghee, soyayyen man shanu ne irin wanda muke zuba wa tuwo. In kumin ya yi wuyar samu a kasuwar ƙauye, garin kori zai wadatar, domin akwai kumin da kurkur a cikinsa.

Kwaɓin ɓawo

Ki tankaɗe fulawar da rariya a roba mai faɗi, ki zuba gishiri da habbatussauda ki juya. Sai ki zuba man. Kada ki taɓa ruwa tukuna. Ki sa yatsu ki riƙa murza fulawar da man tsakanin tafukan hannunki, kina ɗagawa kina sakewa, na tsawon minti 4 zuwa 5, har ya zama babu sauran busasshen gari fari, duk ta koma burbuɗi-burbuɗi.

Ga yadda za ki gane ta yi. Ki dumbuzi cikin hannu ki matse sosai, ki buɗe. In ta tsaya a dunƙule har da shatin yatsunki, kuma kika taɓa ta da yatsa ta wargaje, to man ya isa. In ta zube tun kafin ki gama buɗe hannu, ki ƙara rabin cokalin mai ki ci gaba da murza.

Dalilin wannan wahala shi ne, fulawa in ta haɗu da ruwa danƙo take yi, irin danƙon da mai burodi ke nema. Mu kuwa ba ma son sa. Man da ya riga ya lulluɓe garin shi ke tare ruwa ya rage danƙon, sai ɓawo ya fito mai karyewa a baki maimakon mai jan haƙori.

Yanzu sai ruwa, cokali-cokali. Ki zuba kaɗan ki tattara, ki ƙara kaɗan ki tattara. Da farko za ki ga kamar ba zai haɗu ba, hannu zai yi ta kai wa kofin ruwa. Ki daure. Kwaɓin da ake so shi ne wanda in kika danna shi da babban yatsa sai kin sa ƙarfi kafin ya lotsa, kuma ba ya kama hannu ko kaɗan. Da zarar ya haɗu ya zama curi ɗaya, ki dakata. Yawan luguda shi ke tayar da danƙon da kika yi wahalar kashewa.

Ki rufe shi da tsumma mai tsabta da kika jiƙa kika matse, ki ajiye minti 30 zuwa 40. Hutun nan ne ke sa ruwan ya ratsa ko'ina, murzawa ta yi sauƙi. Da hunturu, musamman a tudun Riruwai inda sanyi da iska suka fi na sauran sassan Kano, kwaɓin da aka bari a buɗe yakan yi ɓawo ya tsattsage nan da nan, saboda haka tsumman nan kada ya bar kansa har a gama. In man shanu za ki sa kuma ya daskare, ki narkar da shi ya huce kafin ki zuba.

Haɗin ciki

Kafin kwaɓi ya gama hutawa, ki wanke dankalin ki dafa shi da ɓawonsa. Wanda aka fere aka yayyanka kafin dahuwa ruwa yake sha, ruwan nan kuma shi zai koma tururi a cikin samosa ya jiƙa ɓawon ta ciki. In kika soka wuƙa ta shige ba gardama, ya dahu. Ki tsiyaye ruwan, ki bar shi ya huce, ki ɓare, sannan ki farfasa shi da yatsu gutsi-gutsi. Kada ki kirɓa shi a turmi, kada ki dame shi. Ana son mai ci ya ji gudajin dankali a bakinsa.

Ki ɗora kasko da mai cokali 2. In ya yi zafi ki watsa kumin, za ki ji yana ƙara, ƙamshi ya tashi. Nan take ki zuba albasa yankakkiya ƙanana, ki soya har ta yi laushi, ki ƙara jajjagen citta da attaruhu. Sai fis ɗin da kika riga kika tafasa kika tsane, da kurkur, da dakakken kayan ƙamshi, da gishiri. Ki juya na minti ɗaya, ki zuba dankalin, ki ci gaba da juyawa a wuta matsakaiciya minti 3 zuwa 4 har ya bushe ya ɗauki kala. Ki sauke, ki matsa lemon tsami, ki watsa lawashi. In gyaɗa kika zaɓa, ki murje ɓawonta ki ɓarza ta kaɗan, ki zuba a ƙarshe.

Ki ɗanɗana. Ya kamata gishiri da yaji da tsami su ɗan fi yadda kike so, domin ɓawo zai rage musu kaifi. Tsamin nan kada a raina shi. Indiyawa garin busasshen ɗanyen mangwaro suke sawa, kuma ba don shi ba da haɗin ya yi lami. Ki baza a faranti ya huce sarai. Haɗi mai ɗumi yana narkar da man da ke jikin ɓawo, ya sa shi saki tun kafin a kai kasko.

Mai son nama za ta iya sa niƙaƙƙe ko dafaffe da aka daka, rabi nama rabi dankali, muddin an soya shi har ruwansa ya ƙone. Dankalin Hausa ma yana yi, sai dai ya fi zaƙi da laushi, don haka ki tsame shi tun bai luguiguice ba, ki ƙara masa yaji da tsami.

Murzawa da naɗi

Ki raba kwaɓin gida 6 ko 7 daidai wa daida, ki mulmula, ki mayar ƙarƙashin tsumma. Ki ɗauki ɗaya ki shafa masa ɗigon mai, ki shafa wa katakon murzawa ma. Kada ki barbaɗa gari, domin busasshen gari a kasko yake zubewa ya ƙone ya ɓata mai. In ba ki da abin murza fulawa, kwalba mai santsi da aka wanke ta wadatar.

Ki murza shi ya yi ɗan tsawo, kimanin santimita 18 zuwa 20, faɗi kuma 12 zuwa 13, kauri bai wuce milimita 2 ba. In ya yi kauri da yawa, ciki ba zai soyu ba. In ya yi siriri ainun, zai huje wajen cikawa. Ki sa wuƙa ki raba shi biyu ta tsakiya, ta gajeren ɓangaren. Kowane rabi samosa ɗaya ce.

Ki ɗora rabin a tafin hannun hagu, miƙaƙƙen gefen da wuƙa ta yanka yana sama. Ki tsoma yatsa a ruwa ki shafa wa wannan gefen. Ki kamo kusurwa ɗaya ki kawo ta tsakiya, ki kamo ɗayar ki ɗora a kanta su hau juna da kamar faɗin farce, sai ya zama siffar mazurari. Ki matse layin haɗin ciki da waje, tun daga baki har tsinin ƙasa. Tsinin nan ki murɗe shi da kyau, don ta nan mai ya fi shiga.

Ki riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuniya, ki zuba haɗi cokali ɗaya da rabi zuwa biyu, kina dannawa a hankali don kada iska ta maƙale. Ki bar sarari a baki kamar faɗin yatsa. Ki shafa ruwa a kewayen bakin, ki yi ɗan ninki ƙarami a gefen da ke fuskantar layin haɗin, sannan ki haɗa leɓɓan biyu ki matse tam. Ninkin nan shi ke ba samosa gindin zama, ki ajiye ta a tire ta tsaya da kanta. Ki rufe waɗanda kika naɗe da tsumma har ki gama sauran.

Ta farko da ta biyu ba lallai su yi kyan gani ba. Abin dubawa kawai shi ne kada a bar ƙofa.

Suya

Nan ne aka fi yin asara, kuma waɗanda suka iya suya su suka fi faɗawa cikinta. Hannun da ya saba da ƙosai ya saba jiran mai ya yi zafi sosai kafin a saka. In aka yi wa samosa haka, cikin minti biyu za ta yi ja, jikinta ya yi ƙuraje, cikin ɓawon kuwa ɗanye. Tana hucewa sai ta saki. Sauri ya haifi nawa.

Ki zuba mai a kasko mai zurfi ki ɗora a wuta kaɗan. Ki gutsuri ɗan kwaɓi ki jefa. In ya taso nan take yana ƙara, man ya yi zafi da yawa, ki sauke ya huce. In ya nutse ya kwanta shiru babu ko kumfa, bai yi ba tukuna. Abin da ake nema shi ne ya nutse, 'yan ƙananan kumfa su fara fita daga jikinsa a hankali, bayan ɗan lokaci ya taso. Ga mai ma'aunin zafi, wannan shi ne kimanin digiri 140 zuwa 150.

Ki saka guda 4 ko 5, gwargwadon faɗin kaskon, kada su matsu. Ki ƙyale su minti 4 zuwa 5 ba taɓawa har ɓawon ya yi ƙarfi, sannan ki fara juyawa jefi-jefi. Bayan minti 10 zuwa 12 za ki ga sun yi fari-fari mai ɗan ruwan ƙasa, in kika ƙwanƙwasa da matsami ki ji tauri. Yanzu ki ƙara wuta, ki ba su minti 3 zuwa 4 su yi ja mai kyau. Zafin ƙarshen nan ne ke hana su riƙe mai. Ki tsame a kwando mai huji, ki jera su a tsaye, kada ki tara wata kan wata.

Mai girki da itace ko gawayi ta fi samun sauƙin wannan suya fiye da yadda ake zato. Ki bari itacen ya ci ya zama garwashi, ki janye masu harshen wuta, ki fara suya a kan garwashin. In lokacin ƙara wuta ya yi, ki tura itace ɗaya ko biyu. Kafin zubi na biyu ki sake janye su, ki ba man minti kaɗan ya sauko. Mantawa da wannan ne ke sa zubin farko ya yi kyau na biyu ya ƙone.

Ki kula da yara a kusa da murhu, kuma ki riƙa zura samosar ta gefen kasko a hankali, ba jefawa ba.

Miyar tsamiya ta dangwale

A Indiya da wuya a miƙo samosa ba tare da ɗan abin dangwale mai zaƙi da tsami ba, kuma kayansa kaf namu ne. Ki jiƙa tsamiya cikin hannu ɗaya a ruwan zafi gwangwani 2, ki dama ki tace. Ki ɗora a wuta da mazarƙwaila gwargwadon zaƙin da kike so, da dabino 5 ko 6 da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa aka dame, da garin citta, da barkono kaɗan, da gishiri. Ki bar shi yana ɓararraka a wuta kaɗan minti 10 zuwa 15, har ya yi kaurin da zai kama bayan cokali. In ya huce zai ƙara kauri. Wadda ba ta son zaƙi, yajin ƙuli ma yana tafiya da samosa sosai.

In an samu matsala

In jikinta ya yi ƙuraje, ruwan kwaɓi ya yi yawa ko mai ya yi zafi tun farko.
In ta yi tauri tana wahalar tauna, man da aka murza a fulawa bai isa ba, ko an luguda kwaɓin da yawa.
In tana marmashewa a kasko, man kwaɓin ne ya wuce kima.
In ta sha mai, kwaɓin ya yi laushi, ko ba a ƙara wuta a ƙarshe ba.
In ta fashe, bakin bai rufu ba, ko an cika ta fiye da kima.
In ta yi kyau da zafi ta saki bayan ta huce, an gaggauta suya, ko haɗin ciki da ruwa.

Ajiya da sana'a

Samosar da aka soya yadda ya kamata takan riƙe ƙarfinta na sa'o'i, in ba a kulle ta ba. Babban mai kashe ta shi ne leda ko kula mai murfi tun tana da zafi, domin tururinta a kanta yake komawa. Ki bari ta sha iska tukuna, sannan ki jera a kwando ko tire ki yafa tsumma busasshe. In ta yi sanyi, ki ɗora busasshen kasko a garwashi ki riƙa juya ta har ta farfaɗo.

Dafaffen dankali ba ya jure zafi. Inda babu tabbacin wutar lantarki, kada a ajiye haɗin ciki ya kwana, musamman da bazara, mai nama kuwa ya fi saurin lalacewa. A yi na yini a cinye a yinin. Da azumi za ki iya kwaɓawa da naɗewa bayan azahar, ki yi suyar farko ta wuta kaɗan bayan la'asar, ki ajiye, sai dab da magariba ki mayar da su mai zafi na minti 3. Man da ya rage ki tace shi in ya huce, in kuwa ya yi baƙi ko ya fara kumfa da wari, ki rabu da shi.

Wadda ke son ta mayar da abin sana'a, a ƙofar makaranta ko tasha ko ranar kasuwa, ta fara da wannan ɗan awon har hannunta ya faɗa. Ta rubuta abin da ta kashe a fulawa da dankali da mai da itace, ta raba da yawan samosar da ta samu, kafin ta yanke farashi. Don sayarwa, raba kwaɓin gida 10 maimakon 7 zai ba da ƙanana 20 da yaro zai iya saye. Ta yi la'akari kuma da cewa suyar ba ta gaggawa ba ce: kowane zubi na cin kusan minti 15, saboda haka kasko mai faɗi ya fi mata amfani fiye da ƙara wuta. In wani zubi ya ƙi, ta duba jerin matsalolin nan ta gyara abu ɗaya kawai a zubi na gaba, don ta san takamaimai abin da ya kawo gyaran.